Macen da ta shiga majalisa da sunan mahaifinta, za a ce ta share wa mata hanya?

Maman Hanifa, Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da darasin gwamnati a wata makarantar sakandaren 'yan mata a cikin birnin Kano, kuma a wannan zangon muna kan batun yadda mata suka sami damar jefa ƙuri'a da tsayawa takara a ƙasashe daban-daban. Cikin matan da nake son kawo wa ɗalibaina misali da su akwai Megan Lloyd George, wadda ita ce mace ta farko da wata mazaɓa a yankin Wales ta tura majalisar dokokin Birtaniya, a shekarar 1929. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mahaifinta David Lloyd George ya riƙe muƙamin Firayim Minista daga 1916 zuwa 1922, wato ta girma ne a gidan mulki, kuma sunan gidansu kaɗai ya isa ya buɗe mata ƙofofin da sauran mata ba su ma san inda suke ba.

Ɗalibaina ba yara ba ne ta fuskar siyasa, domin sun ga 'ya'yan manya da matan manya suna samun takara ba tare da sun sha rana ba, kuma na tabbata da zarar na ambaci wanene mahaifinta wata za ta ɗaga hannu ta ce ai wannan gado ne. Don haka nake roƙon malamai da iyayenmu da ke wannan zaure su taimaka mini da bayani: me wannan mata ta yi da kanta wanda ya wuce abin da sunan mahaifinta ya yi mata? Kuma shin ya dace a ajiye ta a sahu ɗaya da irin su Hajiya Gambo Sawaba, ko kuwa hakan rashin adalci ne ga tamu?

Malamin Tarihi, Kabuga:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka da alheri kan wannan ƙoƙari. Zan fara da amsa wa ɗalibarki tun kafin ta ɗaga hannu: a shekarar 1929 gaskiyarta ce. An haifi Megan a watan Afrilun 1902 a Criccieth, wani ƙaramin gari a bakin teku a arewa maso yammacin Wales, ita ce autar gidansu, kuma harshen Welsh ta fara ji kafin Turanci. Tana 'yar kusan shekara shida mahaifinta ya zama ministan kuɗi, suka tare a gidan ministan kuɗi mai lamba 11 a titin Downing a Landan, daga baya suka koma mai lamba 10, gidan Firayim Minista. Tana da shekara 16 zuwa 17 ta raka shi taron sulhu na birnin Paris a 1919, inda aka zauna raba duniya bayan yaƙin duniya na farko. Da kujerar tsibirin Anglesey ta buɗe, iyayenta biyu sun sa hannu sosai wajen ganin jam'iyyar Liberal ta tsayar da ita, kuma wasu 'yan jam'iyyar a tsibirin sun yi gunaguni a kan haka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a nan har da turi aka yi wa ɗan.

Sai dai ya kamata ɗalibanki su san irin lokacin da abin ya faru. Sai a 1918 aka bai wa matan Birtaniya ƙuri'a, ita ma ga waɗanda suka kai shekara 30 kuma suka cika sharaɗin mallaka, sannan sai a 1928 aka daidaita su da maza a kan shekara 21. Zaɓen watan Mayun 1929 shi ne na farko a ƙarƙashin sabuwar dokar, kuma a cikin kujeru 615 mata 14 kacal suka yi nasara. Megan tana da shekara 27 a lokacin, ma'ana da an yi zaɓen a ƙarƙashin tsohuwar doka da ita kanta ba ta da ikon jefa wa kanta ƙuri'a. Kuma daga 1929 har zuwa 1950, lokacin da Eirene White da Dorothy Rees suka ci zaɓe a jam'iyyar Labour, ita kaɗai ce mace daga Wales a wannan majalisa.

Inda nake ganin ta fara bambanta da 'ya'yan gata na yau da kullum shi ne abin da ta zaɓa ta tsaya a kai. Anglesey tsibiri ne na ƙananan manoma da 'yan ƙwadagon gona, yawancinsu masu magana da Welsh, kuma jawabinta na farko a majalisa a 1930 a kan lalacewar gidajen mutanen karkara ta yi shi. Daga nan ta ci gaba da magana kan noma, da rashin aikin yi, da biyan mata albashi daidai da maza, musamman a lokacin yaƙin duniya na biyu da aka kwashi mata zuwa masana'antu ana biyansu ƙasa da abokan aikinsu. A watan Oktoban 1944 ita ta buɗe muhawarar farko da majalisar ta keɓe rana guda sukutum don tattauna matsalolin Wales kawai.

A 1931, da Firayim Minista Ramsay MacDonald ya kafa gwamnatin haɗin gwiwa, yawancin 'yan Liberal sun bi, amma ita da mahaifinta da yayanta Gwilym da wani surukin gidan, Goronwy Owen, suka ƙi, suka zauna su huɗu a gefe har 1935. Wani zai ce wannan ma bin uba ne, kuma ba zan yi musu ba. Ta raka shi Jamus a 1936 lokacin da ya je ya gana da Hitler ya dawo yana yabonsa, abin da ya zama tabo a tarihin tsohon, amma ita tana cikin waɗanda suka soki manufar lallashin Hitler da gwamnatin Neville Chamberlain ta bi.

Gwajin gaskiya ya zo ne bayan rasuwar mahaifin a watan Maris na 1945, domin daga nan babu wanda zai ɗaga mata hannu. Jam'iyyar Liberal tana ta zagwanyewa, daga kujeru 59 a 1929 zuwa 12 a 1945, amma ta riƙe tata, ta sake riƙewa a 1950, kuma a 1949 aka naɗa ta mataimakiyar shugaban jam'iyyar a majalisa, Clement Davies. Sai a 1951 wani matashin lauya ɗan garin Holyhead, Cledwyn Hughes na jam'iyyar Labour, ya kayar da ita da ratar ƙuri'a 595, a karo na uku da suka kara. Shekara 22 ta yi tana wakiltar tsibirin. Suna yana iya cin zaɓe ɗaya ko biyu, amma ban san sunan da yake cin zaɓe biyar a jere ba idan mai shi ba ya zuwa mazaɓarsa.

Hajiya Babba, Fagge:

Malam, Allah ya ƙara basira, na ƙaru da bayaninka ƙwarai. Amma 'yata Maman Hanifa tambaya biyu ta yi, kuma ta biyun ce ta sa na ce bari in tofa albarkacin bakina, ni da na yi shekaru ina tara wa jam'iyya mata a unguwanni.

Kada ki haɗa su a sahu ɗaya, 'yata, ba don ɗaya ta fi ɗaya daraja ba, sai don abin da kowacce ta tarar a gabanta ya sha bamban. An haifi Gambo Sawaba a 1933, ba ta yi nisa a karatun boko ba, an aurar da ita tana ƙarama, kuma tana 'yar shekara 17 ta shiga NEPU a Zariya, jam'iyyar da aka kafa a nan Kano a watan Agustan 1950. Don ta shiga gidaje tana yi wa matan kulle bayanin siyasa aka gurfanar da ita a gaban alƙali a garin nan, aka ɗaure ta, aka kuma kore ta daga Kano, kuma ana cewa sau 16 ta shiga kurkuku a rayuwarta. A lokacin da take wannan faɗa macen Arewa ba ta da ƙuri'a ko ɗaya. An yi zaɓen 1959 da na 1964 matan Kudu suna kan layi, namu suna gida, sai a 1976 aka ba mu dama a zaɓen ƙananan hukumomi, sannan babban zaɓe a 1979. Ita wannan Baturiya ta tarar wasu matan sun riga sun sha ɗauri da duka sun karɓo ƙuri'ar, ita kuma ta zo ta shiga majalisa. Gambo ba ta taɓa zama a majalisa ba har ta koma ga Allah a 2001, sai dai asibiti a Zariya da ɗakin kwanan ɗalibai a Jami'ar Bayero da aka sa wa sunanta.

Abin da Malam bai taɓo ba, kuma shi ya fi damuna, shi ne dalilin da ya sa sai 'yar wani ko matar wani ce take iya tsallakewa. Ni na ga yadda ake yi da idona. Ana gobe zaɓen fid da gwani za a kira taro a gidan uban gidan jam'iyya, a ce bayan sallar isha'i, amma ba za a zauna ba sai ƙarfe ɗayan dare ya gota. Mu mata muna tsakar gida a kan tabarma sanye da ankon jam'iyya, an ajiye mana ruwan leda, maza suna falo an turo ƙofa. Matar da ta sayar da filinta ta sayi fom tana cikinmu a zaune, mijinta yana ta bugo waya yana tambayar ko lafiya, har ta haƙura ta tafi gida. Da asuba sai ta ji an yi maslaha, an ce ta janye wa wane, za a duba ta idan an kafa gwamnati. Wadda ba a iya yi wa haka ita ce wadda mahaifinta ko mijinta yake cikin falon. Ranar zaɓe kuwa layinmu ya fi na maza tsawo, kowa ya sani, amma abin da ake ba mu shi ne kujerar shugabar mata.

Saboda haka ni ba na ganin laifin 'yar babban gida idan ta shiga. Gbemisola Saraki ta yi majalisar wakilai ta yi ta dattawa, Iyabo Obasanjo ta yi sanata, kuma kowa ya san gidajen da suka fito. Tambayar da nake yi wa kowacce ita ce, da kika shiga, mata nawa kika jawo? A wannan ma'auni ina da ja a kan Megan ɗin, tunda Malam da kansa ya ce shekara 21 aka yi ba a sami ta biyu ba daga yankinta. A majalisar dattawanmu mai kujeru 109 ma, matan da zaɓen 2023 ya kai ba su cika biyar ba.

Ɗan Ƙofar Mata:

Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki a kan tarukan dare babu wanda zai musa ta. Ina neman izini in ɗan kare Megan a kan batun jawo mata, domin a tsarin zaɓen Birtaniya reshen jam'iyya na kowace mazaɓa shi yake tsayar da ɗan takararsa, kuma jam'iyyarta a lokacin ba ta iya kare kujerun mazan da take da su ba, balle ta samar wa mata sababbi. A 1951 kujeru shida kawai suka rage wa jam'iyyar a duk ƙasar.

Amma abin da nake so Malama ta kai wa ɗalibanta shi ne rabin rayuwarta na biyu, wanda a ganina shi ne nata na kanta. A watan Yulin 1950 aka ƙaddamar da gangamin neman majalisar dokoki ta Wales a garin Llandrindod, kuma ita aka bai wa shugabanci. A wancan zamani Wales ba ta da majalisa, ba ta da ma'aikatar gwamnati tata, ko babban birni ma sai a watan Disambar 1955 aka ayyana Cardiff. Bayan ta faɗi zaɓe a 1951 ba ta koma Landan ta zauna cin gajiyar suna ba, sai ta bi garuruwa da ƙauyuka tana jawabi da Welsh da Turanci, ana tara sa hannun jama'a, har aka sami kusan mutum dubu 250 aka miƙa wa majalisa a 1956. Gwamnati ta yi watsi da takardar. Wani abin mamaki kuma shi ne, ministan cikin gida a wannan lokaci, wanda harkokin Wales suke ƙarƙashinsa, yayanta ne Gwilym, wanda ya karkata zuwa ɓangaren jam'iyyar Conservative ya sami babban muƙami. Uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya bi dama, ita ta bi hagu, kuma ita ba ta taɓa riƙe ko ƙaramin minista ba har ta mutu.

A watan Afrilun 1955 ta shiga jam'iyyar Labour. Da ɗan majalisar Carmarthen, Rhys Hopkin Morris na Liberal, ya rasu, aka yi zaɓen cike gurbi a watan Fabrairun 1957, ana tsaka da cece-ku-ce kan harin da Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar saboda mashigin Suez. Ɗan takarar Liberal ya goyi bayan harin, ita ta soke shi, ta kuma ci kujerar da ratar kusan ƙuri'a dubu uku, tsohuwar jam'iyyarta ta koma kujeru biyar. A lura cewa Carmarthen tana kudu maso yammacin Wales ne, nesa da garinsu, kuma ta ƙwace ta ne daga hannun jam'iyyar da mahaifinta ya shugabanta. Tana cikin manyan da suka tsaya wa mutanen ƙauyen Capel Celyn lokacin da hukumar birnin Liverpool ta nemi nutsar da shi don gina madatsar ruwa. 'Yan majalisar Wales 35 cikin 36 sun ƙi amincewa da dokar gina madatsar, amma ta wuce da ƙuri'un 'yan Ingila, aka tashi ƙauyen, aka buɗe madatsar a 1965. Wannan lamari ya fi kowane jawabi nuna wa mutanen yankin abin da take nufi da cewa suna buƙatar majalisarsu.

Ba ta ga majalisar ba. An kafa ma'aikatar Wales a 1965, ita kuma ta rasu a 1966. A ƙuri'ar raba gardama ta 1979 mutanen Wales da kansu suka ƙi majalisar da kusan kashi huɗu cikin biyar, sai a 1997 suka amince da ƙyar, da ratar ƙuri'a 6,721, aka buɗe ta a 1999. Kuma Hajiya, ga abin da zai yi miki daɗi: a zaɓen 2003 mata 30 ne suka ci kujeru a cikin 60 na wannan majalisa, rabi da rabi, musamman saboda jam'iyyar Labour ta ɗauki matakai na musamman wajen tsayar da mata, irin su haɗa mazaɓu biyu-biyu a ce dole ɗaya mace ɗaya namiji. A watan Agustan 2024 Eluned Morgan ta zama mace ta farko da ta shugabanci gwamnatin Wales. Ba na cewa Megan ce ta yi duk wannan, amma ta ba da shekarun da ba ta da kujera ga neman majalisar da aka sami wannan a cikinta.

Maman Hanifa, Gwammaja:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya, na gode ɗan'uwa. Na yanke shawarar raba darasin gida biyu, in keɓe wa waɗanda suka yi faɗan samun ƙuri'a rana guda, inda Hajiya Gambo za ta zo tare da Funmilayo Ransome-Kuti da Margaret Ekpo, sannan wata ranar a yi waɗanda suka shiga majalisa. Saura abu ɗaya da na san sai an tambaye ni, tunda mu Kanawa mun ga sauya sheƙa iri-iri: da ta bar jam'iyyar mahaifinta ta koma Labour, me zai hana a ce kujera ta bi?

Malamin Tarihi, Kabuga:

Malama, 'yan Liberal na zamaninta sun faɗi hakan, kuma wasunsu ba su yafe mata ba, musamman bayan abin da ya faru a Carmarthen. Ni dai lissafin shekarun nake dubawa. Tun daga 1945 zuwa 1951 take yawan goyon bayan manufofin gwamnatin Clement Attlee ta Labour, tana kuma kukan cewa jam'iyyarta tana karkata zuwa ga masu ra'ayin riƙau, har wasu suna cewa wannan ne ya sa masu irin wancan ra'ayi a Anglesey suka janye mata ƙuri'unsu ta faɗi. Da kujera take nema, lokacin sauya sheƙa shi ne kafin zaɓen 1951, tana kan kujerarta, Labour tana kan mulki. Ita kuwa sai da ta yi sama da shekara uku a waje, sannan ta shiga jam'iyyar da ba ta kan mulki a lokacin, ba ta tsaya takara a babban zaɓen 1955 ba, ta jira har 1957. Kuma shugabannin Labour a Wales na wancan zamani ba sa ƙaunar batun majalisar Wales, wato ta shiga ne da kayan da masu gidan ba sa so. Wannan ya bambanta da wanda ya faɗi zaɓen fid da gwani ranar Asabar, ranar Litinin aka ga ya canja hula.

Da Labour ta karɓi mulki a 1964 Firayim Minista Harold Wilson bai ba ta muƙami ba. A zaɓen watan Maris na 1966 cutar daji ta riga ta kwantar da ita, ba ta iya fita yaƙin neman zaɓe ba, wasu ne suka yi mata, amma mutanen Carmarthen suka sake zaɓenta da rata mai yawa. Ta rasu a gidansu na Criccieth ranar 14 ga Mayun 1966 tana da shekara 64, ba ta taɓa aure ba. A zaɓen cike gurbinta da aka yi a watan Yulin wannan shekara, Gwynfor Evans ya ci kujerar, ya zama ɗan majalisa na farko daga Plaid Cymru, jam'iyyar masu neman 'yancin cin gashin kan Wales. Idan za ki yi wa ɗalibai jadawalin shekaru a allo, ki sa 1929 da 1951 da 1957 da 1966, domin a kansu tambayoyin za su fi taruwa.